Bawan Allah Da Ya Yi Shuka A Gonar Da Bai Taɓa Gani Ba

Karatu: Yohanna 4:35-38

Duk ranar Lahadi muna buɗe Littafi Mai Tsarki da harshenmu a Kankiya da Kusada da ƙauyukan kewaye. Ko mun taɓa tambaya su wane ne suka fara wannan wahala? Ɗaya daga cikinsu shi ne Rabaran James Frederick Schön.

An haife shi a ƙasar Jamus a 1803. Ya yi karatun tauhidi a Basel, ya ƙarasa a Ingila, inda aka naɗa shi firist na Ikilisiyar Anglika. A 1832 ƙungiyar mishan ta CMS ta aike shi Saliyo. Can ya tarar da bayin da aka ƙwato daga jiragen masu fataucin mutane, cikinsu har da Hausawa. Daga bakinsu ya soma koyon Hausa.

A 1841 ya shiga tafiyar Kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, aka koma ba a cim ma buri ba. Amma Schön ya dawo da tabbaci cewa 'yan Afirka ne za su kai bishara ga 'yan'uwansu, kuma da harsunansu. A 1843 ya buga ƙaramin littafin kalmomin Hausa.

Rashin lafiya ya mai da shi Ingila a 1847, ya zama limamin wani asibitin sojojin ruwa a Chatham. Da wani ne, da ya ce kiran ya ƙare. Shi kuwa bai ajiye alƙalami ba. Allah ya kawo masa mataimaki har gida: Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram, wanda aka taɓa kamawa bawa, ya biyo matafiyin nan Heinrich Barth zuwa Turai. Yaron yana magana, dattijon yana rubutawa. Bisharar Matiyu ta fito da Hausa a 1857, Farawa da Fitowa suka biyo baya. Nahawun Hausa ya fito a 1862, ƙamus a 1876, Magana Hausa a 1885. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin dakta na tauhidi a 1884.

Ya rasu a 1889 bai taɓa taka Kano ko Katsina ba, bai ga ikilisiya ko ɗaya a ƙasar Hausa ba. Hausarsa ma tana da kurakurai, waɗanda na baya suka gyara. Sai a 1932, shekara 43 bayan rasuwarsa, aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Shi ya shuka, mu muke girbi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila ka daɗe kana koyar da yara a makarantar Lahadi, wataƙila kin yi shekaru kina yi wa ɗanki addu'a, ba alamar canji. Kada a karaya. Aminci ne Ubangiji yake nema a wurinmu, lokacin girbi kuwa yana hannunsa.

Addu'a: Ya Uba, ka cika mu da Ruhu Mai Tsarki, mu yi aikinka da naciya ko da ba mu ga amfanin da idonmu ba. Cikin sunan Yesu. Amin.