James Parkinson: Likitan Da Ya Tsaya Kallon Tsofaffi A Bakin Titi

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Jazira, ko na bakin kogi daga Sinnar zuwa Mai Wurno, da wuya a ce bai taɓa ganin dattijon da hannunsa ke karkarwa ba, shayi na zubewa tun kofin bai kai baki ba. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sammu ko iska. Ba kowace karkarwa ce ciwo ɗaya ba, amma akwai wadda likitoci ke kira da sunan wani Bature da ya rasu kimanin shekara 200 da suka wuce. Tarihinsa ne muka kawo wa mai karatu a wannan mako.

An haifi James Parkinson ranar 11 ga Afrilu, 1755 a unguwar Hoxton da ke gabashin Landan. Mahaifinsa, John, mai haɗa magunguna ne da ƙananan ayyukan tiyata, kuma a hannunsa James ya koyi sana'ar. Da mahaifin ya rasu a 1784 sai ya gaji wurin, ya ci gaba da duba jama'ar unguwar, har da talakawan da ke ƙarƙashin kulawar coci. Wato dai ba babban farfesa ba ne, likitan unguwa ne.

Mutum ne da ba ya iya yin shiru. Ya riƙa rubuta ƙasidun siyasa da sunan aro, Old Hubert, yana neman a ba talaka 'yancin zaɓe. A 1794 aka gurfanar da shi gaban majalisar sarki, inda Firayim Minista William Pitt yake zaune, don a yi masa tambayoyi kan zargin wani shiri na kashe Sarki George na Uku da kibiya mai dafi. Ba a tuhume shi da komai ba, kuma daga baya ya ja jiki daga siyasa. Ya koma rubuta littattafan lafiya don mutanen gida, ciki har da na 1800 wanda ya yi musamman don mazauna ƙauye. Ya kuma shahara wajen nazarin duwatsu masu ɗauke da ragowar halittun da, har yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana duwatsu ta Landan a 1807.

Amma abin da ya dawwamar da sunansa ɗan littafi ne da ya fitar a 1817, yana da shekara 62, kan ciwon karkarwa. Mutum shida kacal ya yi bayani a kansu, dukkansu maza. Uku ya duba su a matsayin marasa lafiya. Biyu a kan titi ya gamu da su ya tsayar da su ya yi musu tambayoyi, na ƙarshen kuwa daga nesa ya hango shi. Ba shi da na'ura, ba shi da gwajin jini, ido ne da haƙuri.

Ya nuna cewa ciwon yana shigowa a hankali, har mai shi ba ya iya tuna ranar da ya fara. Hannu ɗaya ke soma rawa, bayan wani lokaci ɗayan ya bi. Jiki ya sunkuya gaba, taku ya gajarce, tafiya ta koma kamar sassarfa ba da son ransa ba. Rubutu ya gagara, kai loma baki ya gagara, ciki ya riƙa ɗaurewa, yawu na zuba. A nan ne, a ganina, littafin ya fi shafar mu, domin Parkinson bai manta da mai jinya ba. Ya bayyana yadda mai kula da majinyacin ke tafiya da baya a gabansa, hannuwansa a kafaɗunsa don kada ya kife, da kuma lokacin da dole sai an ba shi abinci a baki. Ni kaina na ga haka a gidanmu, lokacin da 'yar baffana ke tayar da mahaifinta daga angarib ta kai shi wurin alwala sau biyar a rana, ba tare da ta taɓa jin sunan Parkinson ba.

Ba komai ya dace ba. Ya ɗauka matsalar tana can saman laka ne wajen wuya, ya ba da shawarar a fitar da jini daga wuyan, abin da bai warkar da kowa ba. Ya kuma ce hankalin majinyaci ba ya taɓuwa, alhali yanzu an san wasu na fama da damuwa, wasu da mantuwa idan ciwon ya daɗe. An gano cewa tushensa mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin, kuma sai a shekarun 1960 aka samu maganin levodopa, wanda ke sassauta alamomin amma ba ya warkarwa. Magani ne na kullum a kan lokaci, shi ya sa yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya yi wa irin waɗannan tsofaffi mummunar illa, musamman da Wad Madani, inda mutanenmu ke zuwa ganin likita, ta faɗa cikin rikicin a Disambar shekarar.

Parkinson ya rasu ranar 21 ga Disamba, 1824 bayan shanyewar ɓarin jiki, aka binne shi a cocin St Leonard da ke Shoreditch. Bai san za a kira ciwon da sunansa ba. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya yi haka a Paris bayan shekaru masu yawa. Tun 1997 ake ware ranar haihuwarsa, 11 ga Afrilu, don tunawa da masu wannan ciwo a duniya. Hotonsa kuwa, har yau ba a samu ko ɗaya da aka tabbatar nasa ne ba.