Marigayi Shehun Malami Abdullahi Smith, Wanda Ya Gina Wa Arewa Rumbun Tarihi

Duk ɗalibin da ya taso daga Danja ko Funtuwa ko Malumfashi yana neman labarin kakanninsa a rubuce, da wuya ƙafarsa ba ta kai shi Gidan Arewa da ke kan Titin Rabah a Kaduna ba. Amma kaɗan ne daga cikin masu shiga gidan suka san mutumin da ya aza harsashin aikin, watau marigayi Shehun Malami Abdullahi Smith.

An haife shi a Ingila cikin 1920, sunansa na yanka kuwa Henry Frederick Charles Smith. Ya yi karatun tarihi a Jami'ar Kambirij, sa'an nan ya yi aikin koyarwa a Sudan. Cikin 1955 ya zo Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A wannan shekara ce aka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya a ƙarƙashin jagorancin Dokta Kenneth Dike, shi kuwa Smith ya riƙe mata aikin sakatare. Manufar ƙungiyar ita ce 'yan ƙasa su binciki tarihinsu da kansu, domin a zamanin nan abin da ake koya wa yara a makarantu yawancinsa labarin zuwan Turawa ne da ayyukan gwamnoninsu, kamar dai babu abin da ya gudana a ƙasar kafin isowarsu.

Smith ya lura cewa amsar wannan raini tana nan jibge a zaurukan malamai, cikin gafakoki da akwatuna. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai masu ɗimbin yawa, ga kuma wasiƙun sarakuna da na wazirai. Cikin 1961 ya buga wata maƙala a mujallar ƙungiyar, inda ya nuna cewa jihadin 1804 juyi ne na ilmi da gyaran al'umma wanda malamai suka ja gabansa, kuma duk wanda ya ɗauke shi yaƙin ƙabilanci tsakanin Fulani da Haɓe bai karanta abin da masu jihadin suka rubuta ba. A ƙarƙashin kulawarsa ne Murray Last ya zauna a Sakkwato, ya yi nazarin takardun gidan Waziri Junaidu, ya rubuta littafinsa a kan Daular Usmaniyya wanda aka buga cikin 1967.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, shi ne ya zama shugaban Sashen Tarihi na farko. Daga nan ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa, wanda ma'aikatansa suka riƙa bin garuruwa suna aron tsofaffin takardu, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Cikin 1967 ya karɓi addinin Musulunci, ya ɗauki sunan Abdullahi, daga baya kuma ya zama ɗan ƙasar Nijeriya.

Bai tsaya a kan zamanin jihadi kaɗai ba. Cikin 1970 ya rubuta wata maƙala a kan yadda sarautun ƙasar Hausa suka kafu. Ra'ayinsa shi ne labarin Bayajida bai isa ya bayyana asalin waɗannan sarautu ba. Ya nuna yadda ƙauye ya bunƙasa ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa, saboda albarkar ƙasar noma da tama da hanyoyin fatauci, da kuma duwatsun da mutanen dā suke girmamawa, irin su Dala a Kano da Kufena a Zariya. Wannan ra'ayi ya jawo muhawara mai zafi, amma ya buɗe wa ɗalibai ƙofar yin tambaya. Ɗaya daga cikinsu shi ne marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya bi ƙasar Katsina gari gari yana tattara bayanin dattawa, har ya rubuta littafinsa a kan sauye-sauyen da ƙasar ta gani daga 1400 zuwa 1883, aka buga shi cikin 1981.

Cikin 1970 ɗin ne kuma aka kafa Gidan Arewa a harabar gidan da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya zauna har ranar da aka kashe shi, 15 ga Janairu 1966. Smith ne shugabansa na farko. Daga baya aka danƙa gidan ga Jami'ar Ahmadu Bello. A cikinsa ake adana rubuce-rubucen Larabci da na ajami, da takardun tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa, ga kuma ɗakunan nuna kayan tarihi, har da kayayyakin da Sardauna ya yi amfani da su.

Abdullahi Smith ya rasu cikin 1984. Bayan rasuwarsa almajiransa suka tattara wasu daga cikin rubuce-rubucensa suka buga cikin 1987.

Aikin da ya faro bai ƙare ba. A kudancin Katsina akwai tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki, akwai kufai da guntayen ganuwa da garma ke ci kowace damina, akwai takardun gado da gara da gobara ke cinyewa, akwai kuma dattawa masu riƙe da sunayen sarakuna da labarin ƙaurar zuriyoyi a ka. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da tsohon unguwarsu ya sani, ko ya lallashi magada su bari a ɗauki hoton takardun kakansu, ya bi sawun wannan bawan Allah. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, amin.