Hans Spemann (1869–1941): Masanin Ginuwar Ɗan Tayi

An haifi Hans Spemann a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus a shekarar 1869. Da ilimin likitanci ya fara a Jami'ar Heidelberg, daga baya ya koma Würzburg, inda ya yi nazarin dabbobi a hannun Theodor Boveri. Tambaya ɗaya ce ta cinye rayuwarsa: ta yaya ƙwai guda yake rarrabuwa har ya fitar da kai da ido da ƙashin baya, kowanne a muhallinsa?

Ya gudanar da bincikensa a kan ƙwan wata halittar ruwa mai wutsiya, dangin kwaɗo. Yakan ɗauki silin gashin jariri ya ɗaure ƙwan da ya fara rabuwa. Idan ya tsuke shi sosai ta inda ya dace, sai kowane ɓari ya zama cikakkiyar halitta. Wannan ya nuna cewa ƙwayoyin halitta na farko kowaccensu tana ɗauke da cikakken tsarin jiki.

A 1919 ya zama farfesa a Jami'ar Freiburg. A nan ne ɗalibarsa, Hilde Mangold, ta yanki wani ɗan sashe daga ɗan tayi mai hasken launi, ta dasa shi a gefen cikin wani mai duhu. Sai ga ɗan tayi na biyu ya tsiro a jikin na farko, kuma launi ya nuna cewa yawancin ƙwayoyinsa na mai masaukin ne. Ashe sashen da aka dasa umarni yake bai wa maƙwabtansa. Suka raɗa masa suna mai tsarawa, aka buga sakamakon a 1924. A shekarar ne gobarar murhu ta yi ajalin Hilde, tana da shekara 25. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935, ya rasu a Freiburg a 1941.

Spemann bai kai ga gano sinadaran da ke isar da umarnin ba. Sai a 1992 aka gano ɗaya daga cikinsu, wato noggin. A yau masana suna amfani da fasahar CRISPR, wadda ta bayyana a 2012, su kashe ƙwayar gado ɗaya a jikin kwaɗo ko kifi ko ɓera, su ga gaɓar da za ta nakasa. Kayan aiki sun sauya, amma dabarar ita ce dai: a taɓa abu ɗaya, a lura da sakamako. Ya kamata malami mai koyar da wannan tarihi ya riƙa ambaton ɗalibar tare da malaminta, domin hannunta ne ya yi dashen.