Taƙaitaccen Tarihin William Withering (1741–1799): Likitan da Ya Auna Tazarar Magani da Dafi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon zuciya Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, mai yiwuwa ya ga an kwantar da majinyaci, an liƙa masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, sannan wata na'ura ta fitar da takarda mai zanen tudu da kwari. Wannan ita ce na'urar zana bugun zuciya, wadda ma'aikatan asibiti ke kira isiji. Kafin likita ya yanke hukunci a kan zanen, yakan so ya san ko majinyacin yana shan wata ƙwaya mai suna dijoksin, domin tana sauya kamannin zanen. Asalin ƙwayar nan ganye ne, kuma mutumin da ya fara auna ƙarfin ganyen ya rasu fiye da shekara 200 da suka wuce. Wannan rubutu zai kawo tarihinsa a taƙaice, da yadda aikinsa ya iso gare mu.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi William Withering a watan Maris na shekarar 1741 a garin Wellington da ke gundumar Shropshire ta ƙasar Ingila. Mahaifinsa mai harhaɗa magunguna ne, saboda haka tun yana yaro ya saba da turmi da ma'auni. A 1762 ya shiga Jami'ar Edinbara ta Sikotilan don koyon aikin likita, ya kuma kammala a 1766. Abin mamaki, a lokacin da yake ɗalibi, darasin tsirrai na cikin waɗanda ba ya sha'awa.

A 1767 ya fara aiki a asibitin garin Stafford. A nan ne aka kawo masa wata budurwa marar lafiya mai suna Helena Cookes, wadda ke son zanen furanni. Likita ya shiga yawo a bayan gari yana tsinko mata furannin da za ta zana. Daga nan sai soyayya ta ƙullu, suka yi aure a 1772. Tsinkar furanni kuwa ta zame masa ilmi.

A 1776 ya wallafa littafin tsirran Birtaniya bisa tsarin masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus. Wannan tsari da Latinanci aka san shi, shi kuwa Withering ya rubuta nasa da Ingilishi, har ya ƙirƙiro wa sassan fure sunaye da harshensa domin wanda bai je jami'a ba ya gane. Ɗalibin Hausa da ke fama da ƙirƙirar kalmomin kimiyya zai ga cewa Ingilishi ma ya bi ta wannan hanya.

Komawarsa Birmingham

A 1775 wani likita mai suna Erasmus Darwin, kakan Charles Darwin, ya ba shi shawarar ya koma birnin Birmingham, inda likita William Small ya rasu ya bar gurbi. Da ya koma sai ya ci gaba da al'adar marigayin ta ware awa ɗaya kullum don duba talakawa kyauta. A ƙididdigarsa, masu zuwa wannan dubawa sun kai 2,000 zuwa 3,000 a shekara. Daga 1779 ya zama likita a Babban Asibitin Birmingham.

Haka kuma ya shiga wata ƙungiya ta masana wadda za mu iya kira Ƙungiyar Farin Wata, domin sukan taru ne idan wata ya cika, saboda kowa ya ga hanyar komawa gida da dare. Cikin 'yan ƙungiyar akwai James Watt mai inganta injin tururi, da Matthew Boulton mai masana'antu, da Joseph Priestley masanin sinadarai. Zama da irin waɗannan mutane ya ƙara masa ɗabi'ar gwaji da rubuta sakamako.

Maganin Tsohuwa

A wancan zamani akwai ciwon kumburi da ya gagari likitoci. Ruwa yakan taru wa mutum a ƙafafu da ciki da ƙirji, numfashi ya yi masa wuya, har ya kasa kwanciya. A 1775 aka nemi ra'ayin Withering game da wani haɗin gargajiya da wata tsohuwa ta Shropshire ta daɗe tana ɓoye sirrinsa, wanda kan warkar da masu kumburi bayan likitoci sun gaza. Haɗin ya ƙunshi tsirrai 20 ko fiye, yana kuma sa amai da gudawa mai tsanani.

Withering bai raina tsohuwar ba, bai kuma karɓi haɗinta ido rufe ba. Da saninsa na tsirrai ya gane cewa guda ɗaya ne ke aiki, wato wani tsiro mai dogon zangarniya da furanni masu launin shunayya. Turawan Ingila na kiran sa da sunan da ke nufin safar hannun yanyawa. Masana kuwa na ce masa dijitalis, sunan da Bajamushe Leonhart Fuchs ya raɗa masa a 1542 daga kalmar Latinanci mai nufin yatsa, domin furensa ya yi kama da ɗan murfin ƙarfen nan da maɗinki ke sa wa yatsa.

Mutane sun riga sun san ganyen. Abin da babu shi ne ma'auni, kuma a kansa Withering ya shafe shekara 10. Ya lura cewa ƙarfin ganyen na sauyawa daga kaka zuwa bazara, sai ya riƙa tsinkarsa a lokaci ɗaya, wato sa'ad da tsiron ya fara fure. Ya bar dafa shi, ya koma busar da shi yana niƙawa ya zama gari, don a iya aunawa. Da farko yakan ba da shi da yawa, majinyata suka wahala, shi da kansa ya amsa wannan kuskure a rubuce. A ƙarshe ya tsaya a kan nauyin ƙwayar sha'ir 1 zuwa 3, sau biyu a rana, ya kuma gano cewa ba sai an yi amai ba maganin ke aiki. Ƙa'idarsa ita ce a dakata da zarar an ga alama a fitsari, ko ciki, ko bugun jijiya.

A 1785 ya wallafa littafinsa An Account of the Foxglove, inda ya kawo labarin majinyata 163. Ya rubuta waɗanda suka sami sauƙi, ya rubuta waɗanda maganin bai yi musu ba, har da waɗanda suka mutu. Ya bayyana alamomin wuce kima dalla-dalla: amai, gudawa, jiri, ganin abubuwa rawaya-rawaya ko kore-kore, da raguwar bugun jijiya har zuwa 35 a minti ɗaya. Shi a ganinsa maganin na sa fitsari ne ta hanyar ƙoda, amma ya rubuta cewa yana da iko a kan motsin zuciya irin wanda bai gani ga wani magani ba. Daga baya aka tabbatar cewa kumburin da ganyen ke warkarwa daga raunin zuciya yake tasowa.

Sunan tsohuwar bai zo a littafin ba. Sunan Mother Hutton da ake yawan ba ta, a cikin wata talla ta kamfanin magani na Parke-Davis ya bayyana a 1928. Wannan izina ce ga mai nazarin adabin baka game da yadda ƙage kan rikiɗe ya zama tarihi.

Jarrabawar Rayuwa da Rasuwarsa

Aikin ya jawo masa ɗaukaka, ya kuma jawo masa rashin aboki. A 1780 Erasmus Darwin ya buga rubutun ɗansa da ya rasu, ya haɗa da bayanin amfani da ganyen, alhali Withering na ganin shi ya nuna wa Darwin maganin a gefen gadon wata majinyaciya. Daga nan zumuncinsu bai sake komawa daidai ba.

A 1785 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan. Wani dutse da ya yi nazari a kansa ma an sa masa sunansa. A watan Yuli na 1791 tarzoma ta ɓarke a Birmingham, aka ƙone gidan Priestley saboda goyon bayansa ga juyin juya halin Faransa. Masu tarzoma sun nufi gidan Withering da ke Edgbaston, ya fice da iyalinsa, barorinsa suka tsare gidan har sojoji suka iso.

Tun kafin nan ciwon huhu ya kama shi, wanda ake kyautata zaton tarin fuka ne. Sau biyu yana zuwa ƙasar Fotugal cin hunturu ko zai sami sauƙi. Ya rasu ranar 6 ga Oktoba, 1799, yana da shekara 58. An binne shi a tsohuwar majami'ar Edgbaston, an kuma sassaƙa furen dijitalis a allon tunawa da shi.

Daga Yatsa Zuwa Takarda

Withering da yatsa da agogo yake auna zuciya. Sai a farkon shekarun 1900 wani masani ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, ya ƙera na'urar da ke zana wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa, aikin da ya samo masa lambar Nobel a 1924. Shi ya sa wa sassan zanen haruffan P, Q, R, S da T. Ɗan tudun P na nuna motsin ɗakunan zuciya na sama. Tsinin QRS na nuna matsewar ɗakunan ƙasa masu tura jini. Tudun T kuwa na nuna lokacin da suke sake shiri. A 1915 Alfred Cohn da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa dijitalis na sauya siffar T. A 1930 kuma Sydney Smith na kamfanin Burroughs Wellcome ya tace dijoksin daga wani nau'in tsiron.

Maganin na ƙara kalsiyam a cikin tsokar zuciya, sai matsewarta ta yi ƙarfi. Yana kuma jinkirta saƙon da ke sauka daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa, shi ya sa ake ba mai karkarwar ɗakunan sama. A takarda, layin da ke tsakanin S da T, wanda ya kamata ya miƙe, sai ya loɓa kamar cikin ludayi. Tudun T yakan kwanta ko ya kife, tazarar Q zuwa T ta gajarta, ta P zuwa R kuma ta ɗan ƙaru. Wannan loɓawa tana nuna mutum na shan maganin ne kawai, ba ta nufin ya yi masa yawa. Sai dai tana iya kama da zanen wanda jini bai isa tsokar zuciyarsa ba, dalilin tambayar likita ke nan. Idan kuwa maganin ya wuce kima, za a ga bugu na tsallake, ko yana zuwa bibbiyu, ko yana raguwa ƙwarai, tare da aman da rawayan ganin da Withering ya lissafa. Haɗarin ya fi ga tsofaffi, da masu ciwon ƙoda, da waɗanda fotasiyam ya yi ƙaranci a jininsu. Wani babban bincike da aka wallafa a 1997 ya nuna dijoksin na rage kwanciya asibiti ga masu raunin zuciya, amma bai rage yawan mutuwa ba, saboda haka a yau yawanci ana ƙara shi ne a kan wasu magunguna.

Mu da Wannan Tarihi

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan dangin sinadari ba ce. 'Ya'yan kwankwani da maharba ke haɗa dafin kibiya da su, da nonon tumfafiya, duk suna ɗauke da 'yan'uwan dijoksin masu taɓa zuciya. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen irin waɗannan tsirrai a ƙamusunsa na tsirran Hausa na 1916. A Zariya kuma, Davidson da Parry sun wallafa bincike a 1978 game da raunin zuciyar masu jego, ciwon da ke zuwa da kumburi da haki irin na majinyatan Withering. A nan Abuja, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu ta bi sawunsa, inda ta samar da Niprisan, maganin sikila, daga haɗin wani mai maganin gargajiya.

Kammalawa

Masu iya magana na cewa kowane allazi da nasa amanu, ganyen da ke sauke kumburi shi ke tsayar da zuciya idan aka ƙara kaɗan. Gudummawar Withering ita ce ya saurari tsohuwar ƙauye, ya auna abin da ta sani, ya kuma rubuta kurakuransa tare da nasarorinsa. Masu sassaƙe da saiwa a kasuwanninmu na da ilmi mai yawa, mafi yawansa da Hausa yake, kuma ba a rubuce ba. Aunawa aikin masu harhaɗa magani ne. Tattara sunaye da bayanai daga bakin masu su, kafin su ƙaura da su, wannan kam aikinmu ne ɗaliban harshe. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.