Fada Gabriel Malagrida da Girgizar Ƙasa ta Lisbon

Kowace ranar 1 ga Nuwamba muna yin Idin Dukan Tsarkaka. A ranar wannan idi ne, cikin shekara ta 1755, ƙasa ta girgiza a Lisbon, babban birnin Fotugal, da hantsi, sa'ad da jama'a suka cika majami'u domin Misa. Rufin majami'u ya faɗa kan masu sujada. Waɗanda suka tsere zuwa bakin ruwa, teku ya taso ya share su, sa'an nan gobara ta yi kwanaki tana cin abin da ya rage. Dubban mutane suka hallaka.

Cikin waɗanda suka tsira akwai wani dattijo baƙo, Fada Gabriel Malagrida. An haife shi a Menaggio ta ƙasar Italiya a 1689, ya shiga Ƙungiyar Yesu a 1711. Shekara goma bayan haka ya haye teku zuwa Barazil, inda ya yi kusan shekara 30 yana wa'azi, yana kafa makarantun horar da firistoci. Uwar sarkin Fotugal ce ta kira shi Lisbon, bala'in kuwa ya same shi a can.

Bai koma ƙasarsu ba. Ya shiga cikin waɗanda suka rasa matsuguni yana ta'azantar da su, yana kiransu ga tuba. A 1756 ya buga wani ɗan littafi, inda ya nace cewa girgizar hukuncin Allah ce saboda zunuban birnin. A nan, a ganinmu, himma ta kai dattijon inda bai kamata ba, gama a Bishara ta Luka sura 13 Ubangijinmu ya ƙi ɗora wa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne laifi fiye da na sauran mutane. Masana kuma sun tabbatar cewa motsin duwatsun ƙarƙashin Tekun Atlantika ne ya jawo ta.

Amma abin da aka yi masa ya wuce kuskurensa nesa. Babban wazirin sarki, Carvalho, wanda daga baya aka sani da Pombal, yana so mutane su tashi su sake gina birnin, kuma dama yana da jiƙaƙƙiya da Ƙungiyar Yesu. Ya kore shi zuwa garin Setubal. Da aka kai wa Sarki Yusufu na Ɗaya hari a 1758, sai aka shafa wa Fada kashin kaji, aka jefa shi kurkuku. An ɗora masa laifin cin amana, amma da yake shi firist ne, sai aka miƙa shi ga kotun addini, wadda wazirin ya riga ya sa ƙanensa a kanta. Hankalin tsohon ya raunana a tsare, da rubuce-rubucensa na lokacin aka yanke masa hukuncin karkacewa daga bangaskiya.

A watan Satumba na 1761 aka shaƙe shi a dandalin Rossio, aka ƙone gawarsa, aka zuba tokar a kogin Tagus. Yana da shekara 72.