Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa (1943–1997): Daga Fagen Daga Zuwa Fagen Siyasa

Gabatarwa

Duk lokacin da tsohon soja ya fito neman shugabancin ƙasa, magoya bayansa sukan ce ya yi yaƙi, don haka ya isa. Abin tambaya shi ne, da wane mudu za a auna aikin sojan ɗan takara, alhali wanda ya ci zaɓe shi ne zai zama babban kwamandan askarawan ƙasa? Mutanen Mubi da kewayenta, har da Muchalla, ba za su ɗauki wannan tambaya da wasa ba, domin a watan Oktoban 2014 sun ga yadda gari yakan faɗa hannun 'yan bindiga idan tsaro ya yi rauni. Wannan maƙala za ta bi rayuwar marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, don neman amsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Shehu a birnin Katsina ranar 5 ga Maris, 1943. Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Mutawallen Katsina, malamin makaranta ne wanda ya zama Ministan Harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Ƙanensa Umaru shi ne ya shugabanci Nijeriya daga 2007 zuwa 2010. Shehu ya yi sakandare a Katsina tare da Muhammadu Buhari. A 1962 ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, daga nan aka tura shi Sandhurst ta ƙasar Ingila. Ya dawo a 1964 da muƙamin laftana na biyu, aka kai shi bataliya ta ɗaya a Inugu.

A Fagen Daga

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Shehu ya sami kansa a runduna ta biyu ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammad. Bayan ta kori dakarun Biyafara daga Jihar Yamma ta Tsakiya, rundunar ta tsaya a Asaba tana hangen Anaca a tsallaken Kogin Kwara, ga shi an riga an karya gada. Hedkwatar soja ta Legas ta ba da shawarar a zagaya ta Idah, amma Murtala ya zaɓi a ƙetara kai tsaye cikin jiragen ruwa. An yi ta gwadawa tun daga watan Oktoban 1967, kowane karo sai an yi asarar sojoji da kayan yaƙi masu yawa. Daga ƙarshe dai sai da aka koma ga shawarar farko: aka ƙetara ta Idah, aka biyo ta ƙasa, aka shiga Anaca a watan Maris na 1968. Shehu, yana ɗan shekara 25 kacal, yana cikin kwamandojin birged da suka ja wannan hari, kuma daga nan sunansa ya fito.

Akwai darasi a nan ga mai auna aikin soja. Wajibi ne a rarrabe tsakanin umarnin da aka ba hafsa da shawarar da shi kansa ya yanke. Ƙetara kogin hukuncin kwamandan runduna ne, ba na Shehu ba. Abin da yake nasa shi ne yadda ya riƙe birged ɗinsa har aka kai ga nasara. Haka kuma kama gari kawai bai isa ma'auni ba, sai an tambayi rayuka nawa aka bayar kafin a kama shi.

A Kan Karagar Mulki

Shehu yana cikin matasan hafsoshin da suka shirya juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975, wanda ya kawar da Janar Yakubu Gowon ba tare da zubar da jini ba. Murtala ya naɗa shi Kwamishinan Sufuri na Tarayya, a daidai lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas, gwamnati tana biyan kuɗin jira kullum. Shi aka ɗora wa nauyin warware wannan cunkoso.

Bayan kisan Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, Janar Olusegun Obasanjo ya hau mulki. Don kwantar da hankalin Arewa, sai aka ɗaga Shehu daga laftanar-kanar zuwa birgediya, ya tsallake muƙamin kanar da kuma hafsoshi da dama da suka girme shi, ya zama Babban Hafsan Hedkwatar Ƙoli, wato mutum na biyu a ƙasa. Wannan ma abin lura ne: taurarin kafaɗa ba koyaushe suke nuna ƙwarewar yaƙi ba, wani lokaci siyasa ce take ba da su. A wannan kujera ofishinsa ya kula da gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976. Ranar 1 ga Oktoba, 1979, gwamnatinsu ta cika alkawari, ta miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari. Ya tuɓe kaki yana manjo-janar, yana da shekara 36.

Takarar Shugaban Ƙasa

Bayan ritaya ya shiga noma, banki da harkar jarida. A ƙarshen shekarun 1980 ya kafa ƙungiyar siyasa ta PFN, wadda ta tara mutane daga kowane sashe na ƙasa, irin su Babagana Kingibe, Chuba Okadigbo, Bola Tinubu da Atiku Abubakar, ɗan Jada ta nan Adamawa. Da gwamnatin Babangida ta kafa jam'iyyu biyu a 1989, sai suka shiga SDP.

A zaɓen fid da gwani na 1992 Shehu ne ya zo kan gaba, har ya kayar da Lateef Jakande a Legas, gidansa. To amma an yi ta ƙorafin maguɗi da sayen ƙuri'a, kuma da wannan hujja Babangida ya soke zaɓen, ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Masu sukarsa suna kuma riƙe da cewa bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, ɓangarensa ya amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan maimakon ya tsaya a bayan Abiola.

Ɗauri da Rasuwa

A taron tsarin mulki na 1994, mutanensa ne suka ja gaba wajen zartar da ƙudurin cewa sojoji su sauka a watan Janairun 1996. Wannan bai yi wa Janar Sani Abacha daɗi ba. A watan Maris na 1995 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. Allah ya yi masa rasuwa ranar 8 ga Disamba, 1997, yana fursuna a Abakaliki, yana da shekara 54. An binne shi a Katsina, kuma an gina cibiya da sunansa a Abuja.

Kammalawa

Idan aka ɗora rayuwar Tafida a kan sikeli, za a ga jarumtaka da iya tsara mutane a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ga hannu a juyin mulki da zargin siyasar kuɗi. Abin da ya fi rinjaye, a ganina, shi ne sau biyu aka jarraba shi a kan ko bindiga ce sama da ƙuri'a. A 1979 ya sauka yana da ƙarfin da zai iya zama, a 1994 kuma ya ce wa tsofaffin abokan aikinsa su sauka, ya biya da ransa. Don haka duk tsohon sojan da ya zo neman ƙuri'armu, bayan mun tambaye shi inda ya yi yaƙi da yadda ya kula da rayukan dakarunsa, sai mu tambaye shi abin da ya yi da mulki ranar da ya kamata ya sake shi.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.