Rene Dubos (1901–1982): Masanin da Ya Nemo Magani a Cikin Turɓaya

1.0 Gabatarwa

Kafin a samu magungunan zamani na kashe ƙwayoyin cuta, ciwon nimoniya yana cikin cututtukan da suka fi halaka jama'a. Daga cikin masanan da suka share fagen yaƙi da shi akwai Rene Dubos, wanda ya faro karatunsa da ilimin noma, ya ƙare yana cikin jagororin binciken lafiya.

1.1 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Dubos ranar 20 ga Fabrairu, 1901, a garin Saint-Brice-sous-Forêt, kusa da birnin Paris na ƙasar Faransa. Mahaifinsa mahauci ne. Yana ɗan shekara 8 ya kamu da zazzaɓin nan mai taɓa gaɓoɓi da zuciya, wanda ya hana shi guje-guje irin na yara, ya mai da shi ma'abocin karatu. Ya kammala babbar makarantar aikin gona ta Paris a 1921, sannan ya yi aiki a birnin Rum. A 1924 ya ƙetara zuwa Amurka, inda ya shiga Jami'ar Rutgers a ƙarƙashin Selman Waksman. Ya samu digirinsa na uku a 1927, bisa nazarin yadda bakteriyar ƙasa ke ruɓar da selulos, wato zaren da ke ƙarfafa jikin tsirrai.

1.2 Babban Bincikensa

A wannan shekara ya haɗu da Oswald Avery na Cibiyar Rockefeller da ke New York. Avery ya riga ya gano cewa ƙwayar cutar nimoniya tana lulluɓe da wani ɓawo na sarƙaƙƙen sukari, wanda ke hana fararen ƙwayoyin jini haɗiye ta. Abin da ya gagara shi ne samun sinadarin da zai narkar da ɓawon ba tare da cutar da majinyaci ba.

Dubos ya dubi matsalar da idon manomi. A ganinsa, ganye da kara da gawar dabba duk suna faɗuwa ƙasa su ruɓe. Da a ce babu mai cinye su, da tuni sun cika duniya. Ke nan kowane allazi da nasa amanu: dole a samu wata halitta a ƙasa mai iya cin wannan sukari. Sai ya riƙa zuba turɓaya daga wurare daban-daban cikin ruwan da babu wani abinci a cikinsa sai sukarin ɓawon. A ƙarshe ya dace da wata bakteriya daga wata fadama ta jihar New Jersey. Daga gare ta ya tace wani inzayim, wato sinadarin da halitta ke fitarwa domin warware abinci zuwa ƙananan gutsattsari. Shi da Avery suka bayyana sakamakon a 1930.

Shi wannan inzayim ba ya kashe ƙwayar cutar, tsiraita ta kawai yake yi, sai fararen ƙwayoyin jini su gama da ita. Ɓerayen da aka sa wa cutar sun rayu bayan an yi musu allurarsa. Haka kuma, Dubos ya lura cewa bakteriyar ba ta fitar da shi sosai sai idan ta rasa wani abinci mai sauƙi. Sai dai maganin bai kai ga asibitoci ba, domin nau'i ɗaya kawai na cutar yake kamawa, ga shi kuma magungunan salfa sun bayyana ba da jimawa ba.

1.3 Sauran Ayyukansa

Da irin wannan dabara ya samo maganin giramisidin a 1939. Yana da dafi idan ya shiga jini, don haka aka taƙaita shi ga raunuka da ciwon fata. Rasuwar matarsa ta farko, Marie-Louise, da tarin fuka a 1942 ta karkata hankalinsa ga wannan cuta, da kuma yadda talauci da yanayin zama ke ba ta ƙofa. Daga baya ya dukufa kan rubutu game da muhalli, har ya ci kyautar Pulitzer a 1969. Ya rasu a New York ranar 20 ga Fabrairu, 1982, ranar da ya cika shekara 81.

1.4 Kammalawa

Ko da yake inzayim ɗin Dubos bai zama maganin asibiti ba, hanyar da ya bi ta tace turɓaya ita ce wasu suka bi, ciki har da malaminsa Waksman, har aka samu maganin tarin fuka na farko a 1943.

Auna Fahimta

1. Wane amfani ɓawon sukari yake yi wa ƙwayar nimoniya?
2. Bayyana yadda ilimin noma ya taimaki Dubos a bincikensa.